Matakan Koya wa Sababbin 'Yan Badujala Karanta Rubutun Kiɗa

A makarantu da yawa, da ƙungiyoyin matasa irin su Boys' Brigade da 'yan sikawut, a guje ake koyon badujala. Sai ya rage mako kaɗan a yi faretin Ranar Yara na 27 ga Mayu, ko na 1 ga Oktoba, sannan a fito da kayan busa daga sito, a kakkaɓe musu ƙura, malam ya busa yaro ya kwaikwaya, har a harhaɗa waƙa uku ko huɗu da za a ratsa fili da su. A yi fareti lafiya, a sha tafi. Ba a ganin ɓarnar sai ranar da manyan ɗalibai suka gama makaranta, ko aka yi wa malamin canjin wurin aiki. Waƙoƙin sun bi masu su, yaran da suka rage kuma ko ka ajiye musu takardar kiɗa a gaba ba su san ta inda za su kama ta ba.

Ba raina koyo da kunne nake yi ba. Makaɗan kalangu da mabusan algaita da kakaki da kunne suka gaji sana'arsu, kuma babu mai cewa ba su iya ba. Amma badujala kiɗa ne na mutum talatin ko arba'in, kowane rukuni da nasa layin, mai tuba ba ya busa abin da mai tirampet ke busawa. Rubutu ne ke riƙe wannan tsari, shi ne kuma ke buɗe wa yaro ƙofar badujalar soja ko ta 'yan sanda idan ya girma. Benedict Odiase, wanda ya sa wa taken Nijeriya na 1978 kiɗa, a lokacin shugaban badujalar 'yan sanda ne. Matakan da ke tafe na malamin da ke da sababbin yara ne, da allo, da alli, da kamar minti arba'in sau biyu ko uku a mako.

Mataki na ɗaya: kunne da baki kafin takarda

Yaro yana cewa "ruwa", yana neman a ba shi, shekaru kafin ya san harafin ra. Haka ya kamata kiɗa ya shiga. Kada ka nuna wa yaro alamar sautin da bai taɓa ji ba, bai taɓa rerawa ba, bai kuma taɓa busawa ba. Shinichi Suzuki na Japan a kan wannan ya gina hanyarsa ta koyar da goge, Zoltan Kodaly na ƙasar Hangari ma haka ya yi da rera waƙa, shi kuma Edwin Gordon na Amurka ya shafe rayuwarsa yana nazarin yadda mutum ke jin sauti a cikin kansa tun kafin ya fitar da shi.

Saboda haka makonni biyu ko uku na farko, takarda ta zauna a jaka. Ka koya musu riƙon kayan busa, da zama ko tsayuwa a miƙe, da shaƙar iska har ciki ya cika, da fitar da sauti guda mai tsawo wanda ba ya rawa. Daga nan sai wasan maimaitawa. Ka rera sauti uku, do re mi, su rera. Ka busa, su busa. Ka juya su, mi re do, ko do mi re, ka ce, "Ku saurara tukuna, kada wanda ya ɗaga ƙaho sai na gama." Idan ukun nan sun zauna, ka ƙara fa da so. Da sauti biyar ɗin nan za a yi aikin wata biyu masu zuwa, kada ka yi gaggawar ƙara na shida.

Yaran da suka taso cikin mawaƙan coci sun riga sun san do re mi, domin tsarin solfa da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19 ya shigo Nijeriya tare da 'yan mishan, har yau kuma da shi ƙungiyoyin mawaƙa da yawa ke koyon waƙa. Ka yi amfani da su, su ja sauran.

Mataki na biyu: bugu ya shiga jiki

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. A ganina, yawancin yaran da ake cewa ba su iya karatun kiɗa ba, sunan sauti ba shi ne matsalarsu ba, tsawonsa ne. Yaro zai gaya maka wannan G ce, amma bai san ko zai riƙe ta bugu ɗaya ko biyu ba, sai ya saci kallon na kusa da shi.

Ka fara da ƙafa. Su tsaya su yi maci a wuri ɗaya, hagu, dama, mai babbar ganga yana ba su bugu. Maci na fareti yana tafiya ne kusan taku 120 a minti, amma wannan ya yi wa mai koyo sauri. Ka sauko wajen 60 zuwa 80. A bugu 60, kowane taku daƙiƙa guda ne, agogon hannunka ma ya isa ya yi maka awo. Ƙafa tana tafiya, hannu yana tafa abin da ka faɗa, baki kuma yana furtawa. Bugu ɗaya "ta". Bugu ɗaya da aka raba biyu "ti-ti". Bugu biyu "ta-a", bugu huɗu "ta-a-a-a". Inda shiru yake, su buɗe hannuwa, ƙafa kuwa ta ci gaba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai, domin sabon yaro yana ɗauka cewa idan aka yi shiru kiɗa ya tsaya, alhali bugu yana nan yana tafiya.

Yaron da ya tashi da Hausa yana da wata riba a nan. Kunnensa ya saba bambanta dogon wasali da gajere, shi ya sa ba ya rikita garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Wannan kunnen kake so ya ɗora a kan "ta" da "ti-ti".

Sai bakinsu ya saba sannan ka nufi allo. Kada ka ja layuka tukuna, zana siffofin kawai. Ƙwaya fara marar sanda bugu huɗu ce. Fara mai sanda bugu biyu. Baƙa mai sanda bugu ɗaya. Baƙa mai sanda da tuta rabin bugu, idan kuma biyu suka haɗu sai a ɗaure kawunan sandunansu da gajeren layi. A littattafan da ake amfani da su a Nijeriya, masu bin tsarin Ingila, sunayensu samibirib, minim, kurocet da kweba. Ka gaya musu sunayen domin za su ci karo da su a jarrabawa, amma kada ka ɓata darasi guda wajen haddar suna. Abin da kake nema shi ne yaro ya ga baƙa mai sanda, bakinsa ya ce "ta" ba tare da ya tsaya tunani ba.

Ka yanka kwali gida-gida, kowanne ka zana masa bugu huɗu: ta ta ti-ti ta a ɗaya, ti-ti ti-ti ta shiru a wani. Ka ɗaga ɗaya su karanta, suna cikin karantawa ka ɗaga na biye. Da haka ido ke koyon wuce baki da gida ɗaya, wanda shi ne asirin karatu ba tare da tuntuɓe ba. A nan ne kuma za ka nuna musu layin tsaye da ke raba gida da gida, da lambobi biyun da ake rubutawa a farko. Lambar sama tana faɗin yawan bugu a kowane gida. Bayanin ta ƙasa ya jira, ka ce musu kawai idan 4 ce, baƙa mai sanda ce bugu ɗaya. Ka tsaya a 4/4 da 2/4.

Mataki na uku: layuka biyar

Kusan shekara dubu ke nan da Guido na garin Arezzo a Italiya ya tsara ɗora sauti a kan layuka, domin mawaƙa su iya rera waƙar da ba su taɓa ji ba. Dabarar ba ta da wuya: abin da ya hau sama a takarda ya ƙara kaifi a kunne, abin da ya sauko ya ƙara kauri. A rubutun yau layuka biyar ne, da fili huɗu a tsakaninsu, kuma daga ƙasa ake ƙirgawa. Ka nanata wannan, domin yara sun saba ƙirga layin littafi daga sama.

Kowane yaro yana yawo da layukansa a jiki. Ya ɗaga hannun hagu a kwance, tafin yana kallonsa, ƙaramin yatsa a ƙasa. Yatsu biyar layuka ne, tsakankaninsu fili huɗu. Ka ce "layi na biyu", kowa ya taɓa yatsan da ke bin ƙarami. Daga inda kake tsaye za ka ga wanda ya gane da wanda ke lalube. Idan akwai fili a waje, ka ja manyan layuka biyar a ƙasa da sanda ko toka, yaro ɗaya ya taka daga layi zuwa fili, sauran su rera abin da ƙafarsa ta nuna. A kan benci kuma murfin kwalba ya isa ya zama ƙwaya, a ɗora shi a kan layukan da aka ja a kwali.

Akwai al'adar sa yara su haddace sunayen layuka duka a rana ɗaya, E G B D F, da na fili, F A C E. Ban ga amfanin fara da wannan ba. Yaron da ya haddace jerin, duk sanda ya ga ƙwaya sai ya koma layin farko ya ƙirgo, kafin ya iso kiɗa ya wuce shi. Gara ka ba shi wuri ɗaya tabbatacce. Mabuɗin sama, wanda ake kira tirebul, cikinsa ya naɗe layi na biyu, wannan layin G ne. Mabuɗin ƙasa, wato bes, ɗigo biyunsa sun sa layi na huɗu a tsakiya, wannan F ne. Daga nan yaro ya koyi maƙwabta: taki ɗaya sama, taki ɗaya ƙasa, ko tsallake ɗaya. Kuma sautuka biyar ɗin da ya riga ya iya busawa kaɗai za ka nuna masa.

Mataki na huɗu: kowane rukuni da nasa suna

Ga inda sabon malami ke rikicewa, yara su rikice tare da shi. Kayan busa ba su yi tarayya a suna ba. Idan mai tirampet ko kilarinet ya busa abin da takardarsa ta kira C, sautin da ke fita B filat ne a piyano. Mai alto saksofon kuwa sai ya busa G kafin ya yi daidai da su. Saboda haka sautuka biyar ɗin nan, waɗanda kunne ke ji iri ɗaya, a rubuce sun sha bamban.

Tirampet da konet da kilarinet suna karanta C D E F G. C tana kan ɗan guntun layi a ƙarƙashin layuka biyar, D tana rataye a ƙasan layin farko, E a layin farko, F a filin farko, G a layi na biyu. A tirampet, C ba a danna komai, D bawul na 1 da na 3, E na 1 da na 2, F na 1, G kuma ba a danna komai. Alto saksofon yana karanta G A B C D, daga layi na biyu zuwa na huɗu. Sarewa tana karanta B filat, C, D, E filat, F, daga layi na uku zuwa na biyar. Ka yi haƙuri da masu sarewa wajen tashi daga C zuwa D, kusan duk yatsunsu ne ke sauya wuri a lokaci ɗaya. Torombon a mabuɗin ƙasa yana karanta B filat, C, D, E filat, F, daga layi na biyu zuwa na huɗu, zarinsa kuma yana tsayawa a matsayi na 1, 6, 4, 3, sannan ya koma 1.

Ka duba takardun da ke sito kafin ka koya wa masu manyan ƙahoni mabuɗi. A tsarin badujalar tagulla ta Ingila, irin wanda Salvation Army ke bi, kusan kowa da mabuɗin sama yake karatu, har da yufoniyam da tuba da ƙaramin torombon, in ban da bes torombon. Amfanin wannan shi ne kana iya ɗauke yaro daga konet ka mai da shi yufoniyam ba tare da ya sake koyon ɗora yatsu ba. Takardun badujalar soja da littattafan Amurka kuwa da mabuɗin ƙasa suke rubuta wa torombon da tuba. Ka zaɓi wanda ya dace da takardun da kake da su, ka tsaya a kansa shekarar farko.

To da wane suna za ka yi wa aji duka magana? Da solfa. Idan ka ce "do", kowa ya san nasa do, mai tirampet ya nufi C, mai saksofon ya nufi G, sautin kuma ya fito ɗaya. Haruffa na rukuni ne, solfa na kowa.

Mataki na biyar: ido, baki, yatsu, sannan busa

Yanzu za a haɗa tsawon sauti da matsayinsa. Ka rubuta layi guda mai gida huɗu, da sauti biyu ko uku kawai. Kowane sabon layi a bi shi sau huɗu. Na farko, a tafa a furta ta da ti-ti, ƙafa tana bugu. Na biyu, a rera da solfa ko da haruffa, a kan bugun. Na uku, a rera ana ɗora yatsu ko ana jan zari, ƙaho yana kan cinya. Na huɗu ne za a busa. Yara za su ƙosa, za ka ji ana cewa, "Malam, mu busa mana." Ka daure. Yaron da ya busa tun farko yana fama da leɓe da iska da yatsu da ido a lokaci guda, abin da zai fara saki kuwa shi ne ido.

Dalilin rerawa ya fi ƙarfi ga masu ƙahon tagulla. A tirampet, C da G duk ba a danna bawul, leɓe da iska ne ke bambanta su. Yaron da bai ji sautin a kansa ba zai iya ɗora yatsu daidai ya fitar da wani sauti daban, bai ma san ya kauce ba.

Abu guda nake roƙon kowane malami: kada ka bar yara su rubuta haruffa ko lambobin bawul a ƙarƙashin ƙwayoyi, kai ma kada ka rubuta musu. Na san abin da ke jawo shi. Fareti ya matso, shugaban makaranta yana tambaya, rubuta 1-2, 1, 0 a ƙasa kuma yana sa waƙa ta fito a yini ɗaya. Amma daga ranar idon yaron ya bar kan layuka ya koma kan fensir. Za ka same shi bayan shekara uku yana busa da kyau, amma in ka miƙa masa takarda mai tsabta sai ya nemi fensir kafin ya nemi ƙaho. Lambar bawul ba ta faɗin tsawon sauti, ba ta kuma faɗin ko G ta ƙasa ce ko ta sama. Idan sauti sabo ne, a yarda ya rubuta sau ɗaya, a wurin da ya fara bayyana, a goge bayan mako guda. Jadawalin ɗora yatsu ya zauna a bangon aji ko a bayan littafi, inda sai ya juya zai gani.

Idan faretin ya matsa da gaske, ka raba lokacin gida biyu a fili. Waƙoƙin fareti a koye su da kunne, ba laifi. Amma minti goma sha biyar na farkon kowane zama na karatu ne, ba a taɓa shi.

Mataki na shida: su rubuta da hannunsu

Kowane yaro ya ja layuka biyar a littafinsa da rula. Ka tafa gida ɗaya su rubuta, ka busa sauti uku su ɗora a layi. Bayan haka kowa ya ƙirƙiri gida huɗu nasa da sautukan da ya sani, ya miƙa wa na kusa da shi ya busa. Idan abin da ya fito ba shi marubucin ke nufi ba, su biyun za su gano inda kuskuren yake tun kafin ka iso bencinsu.

Mataki na bakwai: sabon layi kullum

Karatu ba ya tabbata sai da abin da ba a taɓa gani ba. Layin da aka busa sau biyar ya zama hadda. Saboda haka kowane zama ka zo da gida huɗu zuwa takwas sababbi, waɗanda suka fi abin da suke koyo sauƙi kaɗan. Ka ba su rabin minti su duba shiru: mabuɗi, lambobin bugu, sautin farko, wurin shiru, da inda aka yi tsalle. Ka ƙirga musu gida ɗaya, su shiga. Doka ɗaya ce, ba a tsayawa. Wanda ya faɗi ya bi da ido ya shiga a farkon gida na gaba.

A cikin waɗannan layukan ne za ka riƙa shigo da sababbin abubuwa, ɗaya bayan ɗaya. Ɗigo a gefen ƙwaya yana ƙara mata rabin tsawonta, fara mai sanda da ɗigo ta zama bugu uku, daga nan 3/4 ta samu. Alamun shaf da filat da ke bayan mabuɗi suna aiki a kan waƙar duka, wanda aka sa a tsakiyar gida kuwa ƙarfinsa yana ƙarewa a layin tsaye na gaba. Sai 6/8, wanda waƙoƙin maci da yawa ke tafiya a kansa. Kada ka sa su ƙirga shida, su taka biyu, hagu da dama, kowane taku ya ɗauki ƙananan ƙwayoyi uku. Ka koya musu ƙirga gidajen shiru da yatsu, ɗaya biyu uku huɗu, biyu biyu uku huɗu, domin a cikakkiyar waƙa mai torombon zai iya zama gida takwas yana jira. Da zarar sun iya layi ɗaya tare, ka raba su biyu, kowane ɓangare da layinsa. Ranar ce yaro zai fara dogara da takardarsa, domin na kusa da shi wani abu daban yake busawa.

Kada a bar makaɗan ganga a baya. Su ne aka fi bari da kunne, alhali su ne ke riƙe da kowa. Duk karatun bugu tare da su za a yi, su kuma rera solfa tare da sauran.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Da hunturu leɓe yana tsagewa, ƙura tana sa bawul ya maƙale, ga watan azumi da yara da yawa ba su da ƙarfin doguwar busa da rana. Waɗannan makonnin ka mai da su na tafi da rerawa da rubutu, ƙahoni su huta a akwati bayan an sa musu mai.

Daga ƙarshe sai ka gano masu ɓuya, domin kowane aji yana da yaro mai kaifin kunne wanda ke bin na kusa da shi da rabin daƙiƙa, idonsa a kan takarda kamar mai karatu. Ka ɗauki layin da kowa ya sani, ka sauya sauti ɗaya a gida na uku, ka sake rubuta shi a allo ba tare da ka faɗa ba. Masu karatu za su busa sabon, masu hadda za su busa tsohon. Kada ka kunyata kowa a gaban aji. Ka lura da su, ka kira su su biyu ko uku bayan an tashi, ka koma da su kan kwalayen bugu da yatsun hannu na minti biyar, ka kuma sauya musu wurin zama zuwa bakin layi, inda kunnensu ba zai sami wanda zai jingina da shi ba.